Taunar Inna

Ni da ƴan'uwana duka daga bakin Inna muka fara sanin ɗanɗanon nama. Ba abin ɓoyewa ba ne, haka ake yi a Matankari lokacin da muka tashi, kuma haka ake yi har yau a gidaje da yawa. In yaro ya fara kai hannu cikin akushi alhali ba shi da abin tauna, sai uwarsa ko kakarsa ta ɗauki tsoka ta tauna har ta yi laushi, ta fiddo da yatsu biyu ta sa masa a baki. Gyaɗa haka, ƙuli-ƙuli haka, dabino ma haka. Ban taɓa jin wanda ya kira wannan ƙazanta ba. Abin da ake yi wa surutu shi ne macen da za ta zauna tana cin nama yaro na kallon bakinta ba ta tauna masa ba.

Inna gajeriya ce, mai kaifin baki, mai cin goro tun da safe. Bayan rasuwar Baba na yi ta lallashinta har ta yarda ta bar gidan Matankari ta dawo wurina a Dogon Dutsi, inda nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Yayyena maza duk sun bazu neman abinci, gonar kuwa an bar wa wani ɗan ƙanen Baba yana nomawa yana aiko mata da rabonta. Ta zo da akwatinta na ƙarfe, da tabarma, da ƴar tukunyar da ta ce miya ba ta daɗi sai a cikinta. Ba ta yi wata guda ba ta fara ƙorafi. Ta ce gidana gidan ragwaye ne: gero a kai inji, ruwa a murɗa famfo, wuta a murɗa gas, mutum ya wuni hannunsa bai yi kanta ba. Duk aikin da ta sani ta tarar wani ƙarfe ya riga ta. Abu ɗaya ya rage wanda ba a ƙera masa inji ba, shi ne renon yara, sai ta kama shi hannu bibbiyu.

Ɗiyata ta fari dama tata ce tun kafin ta zo. Ni da nake ji da bokona, ina tsayawa gaban allo ina koya wa yara Faransanci, ban iya kiran sunan yarinyar a gaban Inna ba, sai dai in ce "waccan". Kunyar ɗan fari ba ta san takardar shaidar karatu ba. Wurin Inna aka kai ta yaye, ta dawo da kumatu kamar an hura, ba ta san kowa ba sai kakarta. Da Inna ta tare a gidanmu sai suka ɗora daga inda suka tsaya. Tabarma ɗaya suke zama, kwano ɗaya suke ci, suna faɗa suna shiryawa kamar tsara, har "ƙawata" Inna take ce mata. Inna tana da wani tsohon gwangwanin madara da take ajiye soyayyen naman layya a ciki, irin wanda ake soyawa ya bushe ƙayau ya yi watanni bai lalace ba. Kowa ya san ba a taɓa gwangwanin nan. Bayan la'asar take buɗe shi ta ɗauki tsoka ɗaya, ta tauna a natse idonta a lumshe, rabi ta haɗiye, rabi ta sa wa yarinyar a baki.

Zaƙi kuwa ba a rasa shi a gidanmu. Maigidana ɗan kasuwa ne, yana sayar da kayan waya, kuma a ganinsa uban da ya shigo gida aljihu ba alewa bai cika uba ba. Da safe shayi da madara da sikari har cokali ya kusa tsayawa. Kunu ma sai an zuba. Da rana yarinyar kan yi barci da biskit a kunci, ta farka ta ci gaba da tsotsa. Ba mu ɗauki wannan a bakin komai ba. Mu da muka tashi ba ma ganin sikari sai da azumi, daɗi muke ji ɗiyarmu ta samu abin da ba mu samu ba.

Tana da wajen shekara uku na fara lura da wani fari-fari kamar alli a gindin haƙoranta na sama. Daga nan ya koma ruwan ƙasa, sannan baƙi, sannan haƙoran suka fara gutsurewa da kaɗan-kaɗan. Na nuna wa Inna. Ta ɗaga leɓen yarinyar da babban yatsa ta duba, ta ce tsutsa ce, kuma ba abin tashin hankali ba ne tunda haƙoran nono ne, in ta yi famfara sababbi za su fito. Ta ƙara da cewa in na matsu a kai ta wurin mai hayaƙi.

Na san mai hayaƙi, don an taɓa kai ni ina ƙarama. Wani tsoho ne da ke zama a gefen kasuwar Matankari da kaskon wuta da ƙwarya cike da ruwa. Yakan zuba wasu ƴaƴan itace da ɗan kitse a kan garwashi, ya kife da ƴar mazurariya, ya sa ka buɗe baki hayaƙin ya shiga. In an jima sai ya nuna maka wasu fararen abubuwa sirara suna yawo a ruwan ƙwaryar, ya ce ga tsutsotsin nan sun faɗo. Na gan su da idona, kuma ciwon ya lafa ranar, ko don hayaƙin ko don tsoro. Sai da na shiga kwaleji wani malaminmu ya ce mana cikin ƴaƴan itacen ne ke fashewa da zafi ya fito kamar tsutsa. Na dawo hutu na kwashe wannan na gaya wa Inna ina dariya. Ta ce to madalla, in haƙorina ya sake ciwo in je malamin ya karanta masa littafi.

Saboda haka ban kai yarinyar wurin mai hayaƙi ba, amma ban kai ta ko'ina ba. Na zauna jiran famfara kamar kowa. A cikin jiran nan na haifi ƙanenta, namiji, wanda Inna ta laƙaba wa "maigidana" tun ranar suna, tana yi masa tsiya wai ya zo duniya bai kawo mata ko turmin zane ba.

Abin ya ƙi jiran famfara. Wata rana da tsakar rana yarinyar ta kurɓi ruwan randa ta ƙwalla ƙara ta riƙe kunci. Washegari kuncin ya kumbura, ta ƙi cin komai, ko naman gwangwani ta kau da kai. Abin da ya fi ci mini rai ma ba kumburin ba ne. Na lura ta daɗe da daina dariya da baki buɗe, sai ta sa tafin hannu ta rufe, saboda yaran unguwa na ce mata mai bakin gawayi. Yarinyar da ba ta kai shiga lakwal ba har ta koyi jin kunyar fuskarta. Na goya ƙaramin, na ɗora ta a gabana kan babur ɗin kabu-kabu, muka tafi likita.

Mai duba haƙoran saurayi ne, Hausarsa da ɗan gargada, in ta ƙare masa sai ya cike da Faransanci. Ya lallashe ta ta buɗe baki, ya duba da ɗan madubi, ya ce na gaba sun riga sun tafi, amma na ciki akwai waɗanda za a iya cetowa in an wanke ramin an cike. Ya rubuta maganin kumburin. Na ɗauka mun gama, sai ya ce in zauna. Ya tambaye ni abin da take ci daga safe zuwa dare, na lissafa masa, yana girgiza kai. Sannan ya yi mini bayanin da har yau nake juya shi a raina.

Ya ce a bakin kowane babba akwai wasu ƙwayoyin halitta ƙanana da ido ba ya gani, iri-iri, yawancinsu ba ruwansu da kowa. Amma akwai wani iri da ke manne wa haƙori, abincinsa sikari, in ya ci sai ya fitar da wani tsami, tsamin nan ne ke cin haƙori a hankali har ya huda shi. Ya faɗi sunansa, dogo ne, na bar shi a nan ɗakin. Ya ce jariri ba ya zuwa duniya da su. Daga bakin manya yake samu, ta yawu, wurin haɗa cokali, ko ɗanɗana kunu kafin a ba shi, ko tauna masa abinci. Wanda haƙoransa ke da kogo shi ya fi tara su, kuma yaron da ya same su da wuri, ga zaƙi kullum, shi ya fi saurin ruɓewar haƙori. Ina zaune ina tunanin tsohon kasuwa da ƙwaryarsa. Ashe mutanenmu ba su yi nisa da gaskiya ba da suka ce wani abu mai rai ne ke cin haƙori, girmansa kawai suka ƙara.

Ya tambaya ko akwai mai tauna mata abinci. Na ce kakarta. Ya ce in kwanto na bayana. Ya sa yatsa cikin safar roba ya shafa dasashin yaron, ya nuna mini fararen kawuna biyu da suka fara leƙowa a ƙasa. Ya ce wannan yanzu ne lokacinsa, in an rage zaƙi, ana goge masa haƙoran tun suna biyu, aka kuma daina sa masa abin da ya fito daga bakin wani, da wuya ya bi sawun yayarsa.

Maganar sikari ba ta ba ni wuya ba. Na ɓoye kwalin, na ce wa maigida alewarsa ta tsaya a shago. Ya ɗan yi gardama, ya kawo zancen dabinon da aka tauna aka shafa wa yaran a baki ranar haihuwa, ya ce ai wannan sunna ce. Na ce ban hana sunna ba, abin da aka yi sau ɗaya daban, na kullum daban. Ya yarda. Da na ce to saura Inna, sai ya miƙe yana neman makullin babur, ya ce uwata ce, ni na san ta inda ake shigarta. Namiji ke nan, ya iya wa'azi a kan komai amma ban da surukarsa.

Na yi kwanaki ina tauna maganar. Ta yaya za ka ce wa matar da ta raine ka da bakinta, bakin nan naki shi ne matsala? Kullum bayan la'asar ina kallon ta buɗe gwangwani, yaron na rarrafowa da sauri yana dafa gwiwarta, yana buɗe baki tun kafin ta gama. Kullum sai in ce gobe. Ranar da na ga yayarsa ta dawo daga cike haƙori, leɓenta a sanƙare da allura, hawaye ya bushe a kuncinta, na ce yau.

Na same ta a inuwar dogon-yaro na tsakar gida, tsokar tana bakinta. Na zauna a gefen tabarma na fara da nisa, na yi zancen sikari, na zagi alewa, na zagi biskit, tana gyaɗa kai don dama ba ta son su. Sannan na kawo zancen ƙwayoyin da yadda suke ƙaura daga baki zuwa baki. Ta daina tauna.

"Wa ka ba yaro abinci da baki cikin gidan ga in ba ni ba?" ta ce.

Na ce ba ita kaɗai ba, ni ma nakan ɗanɗana kununsa da cokalinsa, kuma na daina.

"Ke ɗiyag ga, hwaɗi maganarki sak. Bakina na ya ɓata haƙoran ƙawata?"

Na ce ba haka likita ya ce ba, ya ce abubuwa ne suka haɗu. Ta dube ni irin kallon da take yi mini ina ƙarama in na ce ba ni na sha nonon da ke ƙwarya ba. Ta juya gefe ta tofar da naman a ƙasa, kaza ta zo ta ɗauke. Ta rufe gwangwanin. Yaron ya kama zanenta ya miƙe tsaye, ya kai hannu yana taɓa leɓenta, ta kau da fuska.

"Ku bakwai na tauna ma," ta ce, "ba wanda ya mutu."



Inna ba ta iya fushi rabi-rabi ba. Abin da na roƙa kaɗan ne, ita kuwa ta ba ni har da ƙari. Ta ware kofinta da cokalinta ta rataye a ƙusa can sama. Ta daina cin abinci da yayar a kwano ɗaya. In kunun yaron ya yi zafi ba ta hurawa, sai ta ajiye ta kira ni in zo in hura da bakina mai takarda. In za ta yi masa wasa sai ta ja bakin mayafi ta rufe bakinta, wai kar iskarta ta taɓa shi. Da na ce abin bai kai haka ba, sai ta ce ita ba ta yi lakwal ba, ba ta san iyakar inda ya kai ba. Na sayi ɗan ƙaramin turmi ina daka masa nama, yana ci, amma da ya ji ƙarar murfin gwangwani sai ya bar ni ya nufi wurinta. Ita kuma sai ta juya masa baya ta ci nata, yana kuka yana dukan bayanta da tafin hannu. Na sha shiga ɗaki don kar in gani. Tausayinta nake ji, kuma haushinta nake ji, kuma ban fasa ba, don duk lokacin da zuciyata ta yi sanyi sai yayar ta yi dariya ta rufe baki.

Bayan wani lokaci fushin ya fara sauka, sai tambayoyi suka biyo. Ina wankin kwanoni za ta zo ta tsaya ta ce, su abubuwan nan, a ina suke kwana a cikin bakin? Na yi murna, na ce Inna ta fara saukowa. Malama ce ni, in aka tambaye ni ba na iya amsa gajere. Na ce a jikin haƙori suke manne, musamman inda ya yi kogo, nan ne matattararsu. Har hoto na nemo a waya na nuna mata. Ta riƙe wayar nesa da ido ta daɗe tana kallo. Ta ce, in babu kogon fa? Na ce ai da sun ragu ƙwarai. Ta ce kamar dai ƙwari a rumbu ke nan, in damin da ya kamu ya fita sauran sun tsira. Na ce kusan haka.

Na san haƙoranta na tauna sun daɗe da lalacewa, kaɗan suka rage, duk da ramuka, takan cusa kanumfari a ciki in sun motsa. Na ce ta zo in kai ta wurin likitan ya duba ya cike mata. Ta ce Allah ya kiyaye ta buɗe wa yaron da bai kai autanta ba baki yana leƙe, kuma ta ga yadda aka dawo da ƙawarta leɓe a karkace. Na bar maganar, na ce a raina a hankali za ta yarda.

Da kaka ta yi, ta ce za ta je Matankari ta ga rabonta na gero da idonta, don ba ta yarda da awon ɗan ƙanen Baba ba. Wannan ba sabon abu ba ne, duk shekara takan je. Na raka ta tasha ta shiga mota. Ta daɗe fiye da yadda ta saba, in na kira wayar maƙwabta sai a ce tana lafiya, ta ce a gaishe mu, amma ba ta karɓa da kanta.

Ranar da ta dawo ina tsakar gida ina gyaran takardun yara. Ta shigo da sallama, muryarta wata iri, kamar mai magana da ruwa a baki. Ta rame. Kumatunta sun faɗa ciki, fuskar ta tsufa da shekara goma. Yaran suka ruga suka rungume ta. Ta zauna ta sha ruwa, sannan ta kira ni da hannu, ta buɗe baki ta ce in duba. Na duba. Daga haƙoran gaba, waɗanda goro ya rina, babu komai har ƙarshe, sama da ƙasa, sai dasashi ja da ramukan da suka fara haɗewa.

Wurin wanzamin garinmu ta je, wanda ya yi wa yayyena kaciya, ya tsufa amma hannunsa bai mutu ba. Shi ma, in ji matar da ta raka ta, sai da ya ce a cire mai ciwon kaɗai, ta ce duk mai rami ya fita. Ba rana ɗaya aka yi ba, sai ta huta jinin ya tsaya ta koma. Ba allura, ba komai, sai ruwan gishiri da ɗumi. Ta hana kowa ya gaya mini.

"Na hidda su duka," ta ce, tana murmushi. "Yanzu ba su da wurin kwana. Miƙo min maigidana."

Ban san abin da na ce ba. Ina jin na ce "Inna" kawai, na maimaita. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Baba, ita kuwa tana yi mini faɗa wai mene ne abin kuka, haƙoran da dama ba su bar ta ta yi barci ba.

Ba wai ba ta yi tunanin da me za ta tauna ba. Ta yi. Ta ce kakarta ta rayu shekaru ba haƙori ko ɗaya, dasashinta ya yi tauri har aya take ci, kuma ita ga na gaba nan sun rage mata. Ta jira bakin ya warke sarai. Ran nan bayan la'asar ta buɗe gwangwani, ta ɗora yaron a cinya, ta dube ni ta ga ban hana ba. Ta sa tsokar a baki. Ta juya ta dama, ta juya ta hagu, ta kawo ta gaba ta gwada da na gaba. Naman layya ba ya jin lallashi. Yaron ya buɗe baki yana jira har ya gaji, ya zame daga cinyarta ya bi kaza. Ta fiddo tsokar yadda ta shiga, sai dai ta jiƙe. Ta daɗe tana kallonta a tafin hannu, sannan ta miƙo mini ta ce in daka masa.

Daga baya na lallaɓa ta muka je likita, don ina tsoron ko wani guntu ya saura a ciki. Wannan karon ba ta yi gardama ba. Saurayin ya duba ya ce wurin ya warke lafiya, wanzamin ya iya aikinsa. Da ta fita ya tsayar da ni ya ce da Faransanci, da an kawo ta da wataƙila an ceci wasu daga ciki. Ya ce kuma in tuna, a cikin abubuwan da ya lissafa mini sikari ne babba, ƙwayoyin nan ko ba daɗe ko ba jima kusan kowane yaro sai ya same su, jinkirta su kawai ake yi. Na ce na gode. Ban fassara wa Inna wannan ba, kuma ba zan fassara ba. Ya ce ana yin haƙoran roba a Dosso ko Yamai. Da na gaya mata ta ce ita ba za ta sa abin da ake cirewa a jiƙa a kofi kamar wake ba.

Na sha zama in sake bin maganganun da na yi mata ɗaya bayan ɗaya, ina neman wadda ba gaskiya ba, ban samu ba. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne wadda nake gaya wa. Ni na ɗauki tauna a matsayin hanyar ba yaro abinci, in an toshe ta a bi wata. Ita kuwa shi ne aikin ƙarshe da ya rage mata a gidan da komai ke da maɓalli, kuma mace ce da ta saba in abu ya ɓaci a gona ta tumɓuke shi da hannunta ba ta jira kowa ba.

Yaron yanzu ya yi wayo, haƙoransa farare ƙal, yana tsayawa kusa da yayarsa da safe suna goge baki suna fesa wa juna kumfa. Ko rashin sikari ne, ko burushin, ko abin da Inna ta yi, ban sani ba. Inna ta sani. Duk baƙon da ya zo sai ta kira shi ta ce ya yi "iii", ta nuna haƙoran ta ce aikinta ne. Ba na musa mata.

Ƙaramin turmin nan bai huta ba, sai dai yanzu ita nake daka wa. Tana ci tana tsaki, ta ce naman da aka daka ba shi da rai, daɗin nama a tauna yake. Duk da haka ba ta bar gwangwaninta ba. Da layyar da ta biyo ta sa aka cika mata shi kamar kullum, bayan la'asar ta ɗauki tsoka ta sa a kunci ta yi ta tsotsa har gishirin ya ƙare, sannan ta jefa wa kaza.

Wata la'asar ina zaune a bakin ƙofar ɗaki ina tsintar shinkafa, su biyu suna kan tabarma, ita da ƙawarta. Yarinyar ta fara famfara a lokacin, baƙaƙen guntayen na gaba sun zube, amma na cikin da aka cike suna nan da ƙarfinsu. Ta daɗe tana kallon kakarta na juya tsoka a baki. Sai ta sa hannu cikin gwangwanin da ba a taɓawa, ta ɗauki ɗaya, Inna ba ta hana ta ba. Ta tauna a natse, har da lumshe ido, yadda ta ga ana yi. Ta fiddo da yatsu biyu ta miƙa wa bakin Inna.

"Ungo, Inna, na yi miki laushi."

Inna ba ta buɗe baki ba. Ta waiwayo ta dube ni, matar da ba ta taɓa neman izinin kowa ba a kan komai, tana jira ta ji ko wannan ma likita ya hana. Hannun yarinyar na nan a miƙe.

Na ce, "Ci, Inna."

Ta karɓa ta ci, ta ce gishirin ya yi daidai, ta tura wa yarinyar gwangwanin ta ce ta ƙaro.